Haɗin Gambiza a Kasuwar Miliyoyi: Yadda Jabu Ya Kutsa Cikin Cinikin Tsofaffin Agoguna

A watan Nuwamban 2021, a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan, gidan gwanjo na Phillips ya fito da wani tsohon agogon hannu ƙirar Omega Speedmaster, wanda aka ce ɗan 1957 ne, shekarar da aka fara ƙera irinsa. Fuskarsa, wadda asalinta baƙa ce wuluk, ta koɗe ta koma ruwan ƙasa, launin da masu tara agoguna ke mutuwar so. Masanan gidan sun yi masa ƙiyasin faran dubu 80 zuwa dubu 120, kuɗin Suwizalan.

Da aka buɗe tayi, sai farashi ya yi ta hawa, wannan ya taya, wancan ya ƙara. Da aka haɗa lissafi har da la'adar gidan gwanjo, kuɗin ya haura faran miliyan 3. Ba a taɓa sayar da agogon Omega a gwanjo da tsada haka ba. Wanda ya saya kuwa kamfanin Omega ne da kansa, domin ya ajiye a gidan tarihinsa.

A tsakiyar 2023 sai ga wani labari daban. Kamfanin ya fito ya ce agogon haɗin gambiza ne: an tsinto sassansa daga tsofaffin agoguna daban-daban, akasarinsu na asali, aka harhaɗa su suka zama guda. Ya kuma zargi wasu tsofaffin ma'aikatansa uku da hannu a ciki. Gidan gwanjon ma ya ce shi kansa yaudararsa aka yi.

Abin da ya girgiza masu wannan harka shi ne wanda aka cuta. Kamfanin da ya ƙera agogon ne, mai kundin lambobi da ƙwararru da madubin bincike. Tun daga nan duk mai tsohon agogo a hannu ya fara yi wa nasa kallon tuhuma.

Yadda tsohon agogo ya zama kadara

Shekara hamsin da suka wuce babu mai tunanin haka. Ranar 25 ga Disamban 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da batir da dutsen kwaz (quartz) da aka kai kasuwa. Ya fi agogon da ake wanawa kiyaye lokaci nesa ba kusa ba, kuma ba a jima ba irinsa ya yi araha. Masana'antar Suwizalan ta durƙushe. Ma'aikatanta, da suka kai kusan dubu 90 a 1970, sun ragu zuwa wajen dubu 30 a tsakiyar shekarun 1980, ɗaruruwan kamfanoni suka rufe.

Waɗanda suka tsira sai suka sauya salon talla. Tunda ba za su iya gasa da batir wajen daidaito da araha ba, suka koma sayar da aikin hannu, da tarihi, da alfarma. A daidai lokacin ne wasu masu sha'awa, musamman a Italiya, suka fara bin tsofaffin Rolex da Patek Philippe suna saye, gidan gwanjo na Antiquorum da ke Janiba kuma ya fara ware wa agogon hannu gwanjo na musamman.

Labarin Rolex Daytona ya isa misali. An fara yin sa a 1963, ana sayar da shi dala ɗari biyu da 'yan kai, kuma kwantai yake yi a shaguna. Wani nau'insa mai fuska ta daban ya fi kowanne rashin kasuwa. Irinsa ne ɗan wasan fim ɗin Amurka Paul Newman yake ɗaurawa, kyautar matarsa Joanne Woodward. A watan Oktoban 2017 aka sayar da wannan agogo nasa a Niyu Yok a kan kusan dala miliyan 17.8. Shekara biyu bayan nan wani Patek Philippe da aka ƙera guda ɗaya tak don gwanjon taimako ya tashi a kan faran miliyan 31 a Janiba. Dukansu biyun na ƙarfe ne, babu zinare a jikin gidansu. Agogon Patek na Sarkin Habasha Haile Selassie shi ma ya kusa dala miliyan 3 a 2017.

Sai annobar korona ta zo ta ƙara wa wutar fetur. Masana'antu sun tsaya na wani lokaci, masu kuɗi suna zaune a gida ba tafiya ba biki, hotunan agoguna sun cika Instagram. Sabon Daytona na ƙarfe, wanda farashinsa a shagon wakili bai kai dala dubu 15 ba, ya koma ana sayar da shi ninki uku a hannun 'yan kasuwa, domin a shagon sai dai a rubuta sunanka ka yi ta jira. Farashi ya kai ƙololuwa a farkon 2022, sannan ya fara gangarowa, wasu ƙirar suka zubar da kashi ɗaya cikin uku na darajarsu ko fiye. Amma kafin nan maƙera jabu sun riga sun ga inda kuɗi yake.

Tsufan ake saya

Wanda bai san harkar ba zai ɗauka agogon da ya fi ƙyalli shi ya fi tsada. A kasuwar tsofaffin agoguna akasin haka ne. Abin da ake nema shi ne agogon da ya tsufa da kayansa na ranar farko, ba a canza masa komai ba.

Fuskar da rana ta dafa ta koma ruwan ƙasa tana iya ninka kuɗin agogo. Haka zoben da ke kewaye da gilashi, idan baƙinsa ya koɗe ya koma toka-toka. Haka ɗigon sinadarin nan mai haske cikin duhu da ake sa wa lambobi da hannayen agogo, idan ya rine ya koma ruwan madara. Duk waɗannan a wurin kamfani lahani ne. Shekara da shekaru, idan aka kai agogo sabis, sai a cire tsohuwar fuska a sa sabuwa, a canza hannaye, a goge jikin ƙarfen a kan injin guga har ya yi sheƙi. Mai agogo ya karɓa yana murna, bai san garin neman gira an rasa ido ba. Guga tana cin ƙarfe, tana dakushe kaifin gefuna, kuma abin da ta ci ba ya dawowa.

A 2020 wani shirin talabijin na Amurka mai suna Antiques Roadshow ya nuna wani tsohon sojan sama da ya sayi Daytona a 1974 a kan dala 345 da 'yan kai. Ya ga ya yi masa kyau da yawa, ya kasa ɗaurawa, ya adana shi tare da kwalinsa da rasiti da takardar garanti. Mai ƙiyasi ya ce zai kai dala dubu 500 zuwa dubu 700. Mutumin ya zube ƙasa a gaban kyamara. Abin da ya ɗaga kuɗin haka har da takardun, domin su ne shaidar cewa agogon bai taɓa barin hannu ɗaya ba.

To, duk abin da ya zama shaida mai tsada, sai an sami mai ƙirƙirarsa.

Jabun zamani

Jabun da aka sani a da ba ya wahalar ganewa. Ba shi da nauyi, ruwan zinarensa yana goguwa cikin wata guda, hannun daƙiƙarsa yana tsalle ɗaya-ɗaya saboda batir ne a ciki. Har yanzu irinsa ya fi yawa, ana samunsa a titin Canal na Niyu Yok, da unguwar Karama a Dubai, da babbar kasuwar Istanbul, da faifan 'yan talla a kusan kowace tasha. Ƙiyasin da aka fi ambatawa shi ne ana yin jabun agogo miliyan 30 zuwa 40 a shekara, alhali Suwizalan gaba ɗayanta agogo kusan miliyan 17 ta fitar waje a 2023, na kimanin faran biliyan 26 da ɗoriya.

Wanda ya tayar da hankalin masana shi ne na saman. A kudancin ƙasar Sin, musamman yankin Guangzhou, akwai masana'antun ɓoye da ke sayen agogo na asali, su warware shi gaba ɗaya, su auna kowane sashe da na'ura, su sassaƙa irinsa da injinan da kwamfuta ke sarrafawa. Suna amfani da ƙarfe mai kyau, da gilashin da ba ya karcewa, da zoben tangaran. Sun kai ga kwaikwayon injin cikin ma, ta yadda ko an buɗe bayan agogon sai mai ido sosai zai tsaya. Ana sayar da irin wannan a kan dala ɗari huɗu zuwa dubu ɗaya, a madadin agogon dala dubu goma ko ashirin. Hukumomin Sin suna kai samame lokaci-lokaci, a rufe wata masana'anta, wata ta maye gurbinta.

Masu sayen irin wannan da saninsu suna da tasu hujjar. Sukan ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: sun san abin da suka saya, ba su cuci kowa ba, kuma kamfanin bai yi asarar komai ba tunda dama ba su da kuɗin na asali. Wasu ma suna da na asalin a gida, suna ɗaura jabun ne a titi saboda 'yan ƙwace, waɗanda suka addabi birane irin su Landan da Paris. Akwai kuma masu jin haushin yadda shagunan wakilai ke wulaƙanta mai saye, sai ya sayi abin da ba ya so kafin a ba shi wanda yake so.

Kamfanoni da Ƙungiyar Masana'antar Agogo ta Suwizalan suna ganin abin sata ce ƙarara, satar suna da ƙira, kuma kuɗin yana shiga hannun gungun masu laifi da ba sa biyan haraji, ba sa kula da haƙƙin ma'aikaci. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Suwizalan, tun 2008, jami'an kwastan suna da ikon ƙwace jabu su lalata ko da mutum don kansa ya sayo. A Faransa mai saye ma yana iya fuskantar tara.

Ni a nawa ganin, raunin hujjar masu saye yana wuri guda. Agogo ya fi mai shi tsawon rai, kuma gaskiyar da mai shi na farko ya sani ba ta bin agogon idan ya bar hannunsa. Yau ya saya da saninsa. Gobe ya ba da shi kyauta, ko ya sa shi jingina, ko ya rasu a same shi cikin kayansa. Mutum na biyu ko na uku zai karɓe shi a matsayin na asali, kuma shi ne zai ɗauki asarar. Jabun faifai ba ya yin wannan ɓarnar, domin kowa ya gan shi ya san shi. Wanda aka ƙera don ya ruɗi ƙwararre, ko ba jima ko ba daɗe sai ya ruɗi wani.

Na asali ne, amma ba haka aka haife shi ba

Duk da haka, dillalan tsofaffin agoguna sun fi tsoron haɗin gambiza a kan jabun Guangzhou. Dalili kuwa, a haɗin gambiza kusan kowane sashe yana iya cin jarrabawa idan aka duba shi shi kaɗai. Inji na asali ne, gida na asali ne, fuska ta asali ce. Ƙaryar tana cikin haɗuwarsu.

Ga yadda ake yi. A sami agogo na gama-gari mai lambar da ta dace da shekarar da ake so. A nemo fuska mai wuyar samu daga wani da ya lalace, a ɗora masa. Idan gefunan gidan sun sha guga, a cike su da walda ta hasken leza, a sake yanka su su yi kaifi, a ce ba a taɓa gogewa ba. Idan ɗigon haske sabo ne, a rina shi da shayi ko gahawa. Fuska a gasa ta da zafi ko a shanya ta a fitila mai ƙarfi har ta koɗe, zobe a jiƙa shi a ruwan bilic. Sannan a sayo tsohon kwali da takardar garantin da ba a taɓa cikewa ba, domin su ma suna da kasuwarsu, a rubuta lambar agogon a kai.

Akwai kuma sassan da ake ƙerawa sababbi da kamannin tsufa. Masu harkar sun daɗe da sanin gidaje da fuskokin da ake yi a Biyetnam, waɗanda ake ɗora wa tsohon inji na asali. Wasu masu sha'awa suna haɗa irin wannan don kansu, ba sa ɓoyewa, har suna sayen gilashi ko maɓallin wani na asali su sa wa jabu don ya ƙara kama. A nan ma matsalar ita ce ranar da agogon zai canza hannu.

Agogunan da ke ɗauke da tambarin sarakunan Larabawa sun sha wannan aika-aika. A shekarun 1970 Sarkin Oman Sultan Qaboos yakan sa a yi masa Rolex masu hoton wuƙar khanjar, tambarin ƙasarsa, ta hannun shagon Asprey na Landan, yana rabawa kyauta. Yau wannan ɗan tambari yana ninka farashin agogo, saboda haka masu buga shi a kan fuskar da ba ta zo da shi ba sun yi yawa.

A can ƙasan kasuwa kuma akwai na Indiya. Ana tattara tsofaffin injinan Seiko, Citizen, HMT da Oris, a yi wa fuskokinsu sabon fenti mai launin da kamfanin bai taɓa yi ba, a zuba su a intanet a kan dala ashirin ko talatin da sunan kayan tarihi. Kuɗin kaɗan ne, amma a nan yawancin sababbin shiga suke fara ƙonewa.

A teburin mai tantancewa

Ƙwararren mai tantance agogo ba ya fara da sunan da ke fuska, kamar yadda dillalin dabbobi ba ya tsayawa kan ƙahon rago sai ya buɗe baki ya ga haƙora. Yakan fara jin nauyin agogon a tafin hannu, ya murza maɓallin wani ya ji laushinsa. Sannan ya cire sarƙa. A tsofaffin Rolex, lambar ƙira tana tsakanin ƙafafun gida ta wajen ƙarfe 12, lambar agogon kansa kuma ta wajen ƙarfe 6. Yana duba zurfin rubutun da tsaftarsa, ya ga ko lambar ta dace da shekarar da irin wannan fuska, da irin waɗannan hannaye, da irin wannan sarƙa suka fito. Daga tsakiyar shekarun 2000 kamfanin ya koma rubuta lambar a zoben ciki, ƙarƙashin gilashi, daga wajen 2010 kuma ya daina jera lambobin bi da bi, don haka ba a iya gane shekarar sabon agogo daga lambarsa.

Daga nan sai ya manna madubi a ido ya sunkuya kan fuska. A nan ake daɗewa. Yana kallon ƙirar kowane harafi, da tazarar da ke tsakaninsu, da kaurin tawada, yana gwadawa da hotunan waɗanda aka tabbatar. Fuskar da aka sake wa fenti takan tona kanta a wutsiyar harafi guda.

Sai ya kashe fitila ya kunna ta shuɗin haske. Har zuwa farkon shekarun 1960 sinadarin radiyam ake amfani da shi wajen sa lambobi su yi haske, shi ne wanda ya hallaka 'yan matan da ke fentin fuskokin agogo a jihar New Jersey ta Amurka a shekarun 1920, saboda suna lasar bakin burushi don ya yi tsini. Ƙarfin radiyam yana ɗaukar shekara 1,600 kafin ya ragu da rabi, don haka agogon 1957 na gaskiya dole ya sa na'urar auna tururin nukiliya ta yi ƙara har yau. Bayansa aka koma tiritiyam, wanda ake nuna shi da harafin T a ƙasan fuska, shi kuma ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da 'yan watanni. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka koma sinadarin da ba shi da tururi. Saboda haka idan agogon da aka ce ɗan 1970 ne ya kwana yana haske kamar sabo, an taɓa shi. Idan kuma hannaye suka ba da wani launi a ƙarƙashin fitilar, lambobi suka ba da wani, akwai tambaya.

A ƙarshe ya buɗe baya ya duba inji, ya ɗora agogon a na'urar da ke sauraron bugunsa. Injin Rolex na zamani yana bugu takwas a daƙiƙa, shi ya sa hannunsa yake tafiya sumul. Amma wannan tsohuwar alama ta daina aiki ita kaɗai, domin jabu mai kyau ma haka yake tafiya, kuma Rolex da kansa ya yi agogon batir mai suna Oysterquartz daga 1977, mai tsalle ɗaya-ɗaya, na asali ne tsantsa.

Akwai abin da madubi ba ya gani, wato sata. Don haka dillalan kirki suke tura lambar agogo ga rumbunan bayanai irin The Watch Register da ke Landan, inda ake rajistar waɗanda aka sace. Kamfanoni ma sun shigo. Patek Philippe yana ba da takardar da ke nuna abin da kundinsa ya rubuta game da lambar tsohon agogo, ko da yake takardar ba ta shaida cewa agogon da ke hannunka bai canza ba. Rolex kuma a ƙarshen 2022 ya fara shirin sayar da agogunansa na hannu da ya tantance, da garantin shekara 2, ta shagunan Bucherer, kamfanin da ya sanar da sayensa a 2023. Farashinsu ya fi na kasuwa, kuma mutane suna biya, domin kwanciyar hankali suke saye.

Agogona ne, ba zan yi yadda na so ba?

Akwai wani rukuni da ba su da niyyar yaudarar kowa, su dai ba sa son agogonsu ya yi kama da na kowa. Mafi yawansu masoya Seiko ne. Agogon ninƙaya na SKX007, wanda aka yi daga 1996 zuwa wajen 2019, ya zama abin wasansu saboda araha da ƙarko. Ana sayar da fuskoki da hannaye da zobba iri-iri da suka dace da shi, kuma injin NH35 na rukunin Seiko kowa yana iya saye. Mutum da 'yan kayan aiki a teburin ɗakinsa zai haɗa agogon da babu irinsa. Wannan sha'awa ce mai kyau, ta koya wa matasa da yawa sana'ar da ke neman ɓacewa. Inda ta ɓaci shi ne da 'yan kasuwa suka fara haɗa agogo mai siffar Rolex ko Patek, su buga masa sunan Seiko a fuskar da Seiko bai yi ba.

A ɓangaren masu kuɗi, George Bamford na Landan ya yi suna wajen rina Rolex baƙi ƙirin, kafin a 2017 ya koma aiki da izinin kamfanoni irin su TAG Heuer da Zenith. Mawaƙa da 'yan ƙwallo kuma sun yayata salon huda jikin agogo a cika shi da lu'ulu'u. Yana ɗaukar ido, amma ranar sayarwa ake gane asarar: masu tarawa ba sa so, kuma Rolex ba ya karɓar agogon da aka canza wa sassa ya yi masa sabis a yadda yake.

Rigimar ta kai kotu. A watan Janairun 2024 Kotun Ƙolin Suwizalan ta yanke hukunci a shari'ar Rolex da wani kamfanin Janiba mai suna Artisans de Genève, wanda ke sake fasalin agoguna. Kotun ta ce idan mai agogo ya kawo nasa ya ce a sauya masa don amfanin kansa, wannan halal ne a doka. Amma kamfani ya sayi agoguna ya sauya su, ya fitar kasuwa da sunan Rolex a jiki ba da izini ba, wannan ya saɓa. Hukuncin ya yi daidai da hankali, sai dai bai rufe ƙofar da ta fi damuna ba, domin agogon da aka sauya don mutum ɗaya shi ma wata rana zai shiga kasuwa. Abin da zai kare mai saye na gaba shi ne a rubuta abin da aka yi, a ajiye sassan da aka cire, su bi agogon duk inda ya je. Malaman fiƙihu sun daɗe da wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin haja, kuma sun ba mai saye damar mayar da ita idan an ɓoye masa. Fuskar da aka sake wa fenti aibi ce da ta cancanci a faɗa.

Wanda ke cikin adakar gida

Wannan harka ba ta yi nisa da mu kamar yadda ake zato ba. Alhazan shekarun 1970 da 1980 sun sha dawowa daga Makka da Jidda da tsarabar agogo: Seiko 5, wanda aka fara yi a 1963, da Rado, da Orient, da Citizen. Manyan 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati na wancan zamani wasunsu sun ɗaura Omega da Rolex. Da yawan waɗannan agoguna suna nan kwance a adaka da durowa. A ɗaya gefen kuma, 'yan kasuwarmu da ke zirga-zirgar Dubai da Guangzhou suna shigo da sababbi masu manyan sunaye, suna shiga kayan lefe da kyaututtukan biki ba tare da kowa ya tambayi asalinsu ba.

Je ka wurin mai gyaran agogo a bakin kasuwa, da ɗan akwatinsa na gilashi cike da matattun agoguna da ƙananan sukurori a murfin kwalba, za ka ji irin wannan ciniki.

"Baba, agogon mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. So nake ya koma sabo fil."

"To, samari. A canza masa fuska da gilashi, a goge jikin?"

"A yi masa duk abin da ya dace, Baba."

Mai gyaran bai yi laifi ba, abin da aka nema ya yi, kuma sau da yawa gwaninta ce da shi ta gaske. Amma a cikin wannan 'yar magana ake zubar da abin da ya fi daraja a agogon. Abin da ya kamata a nema shi ne a wanke inji a sa masa mai, a canza robar da ke hana ruwa shiga, a bar fuska da hannaye da jikin ƙarfe yadda suke. Idan dole ta sa an canza wani sashe, a karɓi tsohon a ƙulle a leda a ajiye tare da agogon. Idan agogon ɗan farkon shekarun 1960 ne ko ya girmi haka, kuma lambobinsa masu haske ne, kada a buɗe shi a gida, domin ƙurar radiyam guba ce idan ta shiga huhu.

Kada kuma wani ya ɗauka arziki ne kwance a kowace adaka. Yawancin tsofaffin Seiko 5 kuɗinsu bai wuce na ƙaramar wayar hannu ba, kuma yawancin abin da aka rubuta wa Rolex a kasuwanninmu jabu ne. Inda abin ya fi muhimmanci shi ne wajen rabon gado. Ana iya miƙa wa ƙaramin yaro agogon da ya fi motar mamacin daraja a matsayin tarkace, ana kuma iya lissafa wa wani magaji jabu a farashin na asali a tauye masa rabo. Kafin a sa wa agogo mai babban suna kuɗi a cikin dukiyar mamaci, a ɗauki hoton fuskarsa da bayansa da lambarsa, a nemo rasiti ko kwali idan suna nan, a kai shi wurin wanda zai buɗe inji ya duba, kuma kada mai ƙiyasin ya zama shi ne mai son saye.